Kwalbar Man Cibi

Tsohuwar da ta yanke mini cibi ita ce ta farko da na kai wa sakamakon binciken da na yi, kuma ko yau aka ce in sake, da ita zan fara.

A shekarun farko na juyin juya hali ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Zongon Kwatano, unguwar da aka haife ni. Abin da ya hana ni sakat a lokacin shi ne jariran da ake kawo mana gab da suna ko bayansa kaɗan. Baki ya ƙulle, yaro ba ya iya kama nono, jiki ya sandare kamar icce. Likitoci suna ce wa ciwon tetanos, a unguwa kuwa wasu su ce iska, wasu su ce maita. Kaɗan ne ke komawa gida da rai. Na gaji da miƙa wa iyaye mata zane a naɗe, sai na sa babban likitanmu gaba har ya yarda in riƙa shiga gidaje bayan tashi daga aiki, ina tambayar masu jego wa ya karɓi haihuwa, da me aka yanke cibi, me aka shafa masa.

Matan Zongo ba sa buɗe baki a banza. Sun ce sun saba da masu takarda da ke zuwa su yi tambaya su kaɗe riga, ba a sake ganinsu. Suka gindaya mini sharaɗi biyu: kada sunan kowa ya fita daga bakina, kuma in na gano wani abu in dawo in faɗa musu da Hausa. Na ɗauki alkawari, kuma tun daga ranar ban rubuta sunan mutum ko ɗaya ba.

Da tafiya ta yi tafiya, abin ya fito fili. Kusan duk gidan da jariri ya sandare, an shafa wa cibinsa wani man haɗi: man shanu na wajen fataken arewa, da toka, da garin busasshen kashin shanu da ake ɗebowa a kara, inda ake cinikin shanu. Wai yana sa cibi ya bushe da wuri. Gidajen da ba a shafa ba, da wuya ka ji ciwon. Ungozomomi da dama suna da irinsa, amma wadda aka fi kira, wadda kwalbarta ta fi zaga gidaje, ita ce wannan tsohuwa da duk unguwa ke ce wa Inna. Cikin yaran da suka rasu a hannuna har da jikanta, ɗan autarta.

Da a wani zamani ne, da sai in rubuta rahoto in kwanta in yi barci. Amma lokacin hukuma ta ɗaura yaƙi da maita. Ana tara jama'a a tsayar da tsohuwa cikin rana har sai ta amsa abin da ba ta yi ba. Na san in aka ji cewa jarirai na mutuwa bayan hannun wata tsohuwa ya taɓa su, babu mai tsayawa jin bayanin ƙwayar cuta. In na yi shiru yara su ci gaba da mutuwa, in na yi magana da garaje a ja Inna filin taro. Na ƙudura cewa man zai daina aiki, ita kuma ba za a taɓa ta ba.

Na same ta da hantsi tana tsince shinkafa a faifai. Muka gaisa, ta tsokane ni da cewa farar rigata ta yi mini kaɗan, sannan na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce a kashin dabba akwai wani abu da ido ba ya gani, in ya shiga ɗanyen cibi shi ke sandarar da yaro.

Ta ajiye faifan. "Ke 'yar nan, da man nan na gasa cibinki. Ga ki nan kin yi ƙiba, kin je lakwal kin yi boko, kin dawo kina koya mini aikina."

"Allah ne ya tsare ni, Inna, kamar yadda ya tsare da yawa. Amma ba duka ba."

"To mi kike so? In ce ni na kashe ɗiyan mutane?"

"Ba ki kashe kowa ba. Abin da aka koya miki kika yi. Man nake so ki bari, kuma na zo ne don kada ki ji a bakin wani."

Ba ta sake kallona ba. Ko goron da ta saba jefa mini a jaka ba ta ba ni ba. Na ajiye mata fakitin sabuwar reza da auduga da 'yar kwalbar alkol na goge ciwo a gefen tabarma, na fito zuciyata na suya, don matar nan ta goya ni.

Wajen likita kuma wata rigimar ce. Ya yi murna har ya wuce gona da iri, yana so a rubuta da Faransanci cewa an tabbatar da mai laifi. Na ce ba mu tabbatar ba. Mun ga man yana tafiya tare da ciwon, amma akwai tsohuwar reza, akwai zaren ɗaure cibi da ba a tafasa ba, kuma gidajen Zongo kawai na shiga. Na nace a rubuta iyakar abin da muka gani, a ce wani man gargajiya, kada a ce wata ungozoma. Ya ce na cika taurin kai. Na ce a gida ma haka suke cewa. Ya sa hannu, amma ya tuna mini cewa kowane rahoto sai ya bi ta ofishin komite, kwamitin juyin juya hali na unguwa.

Kafin takardar ta isa can na cika wa mata alkawarinsu. Na zaɓi wani gidan suna, da la'asar, an sauke tukwane an zauna. Ban kawo musu kalmomin asibiti ba. Na ce su tuna yadda ƙuda ke lalata nama ba tare da an ga abin da ya bari ba, sannan na nuna musu yadda ake wanke hannu, a yanke da sabuwar reza, a bar cibi ya sha iska. Na ambaci man da abin da ke cikinsa. Ban ambaci mai shi ba, amma ba yara ba ne, kowa ta gane. Wata da ɗanta ya rasu a wajenmu ta miƙe tsaye.

"Ashe ita ce," ta ce.

Na ce, "Yaya, zauna ki ji. Wace ce a cikinmu ba a shafa wa man nan ba? Ni an shafa mini. Uwarki ma ta yarda da shi, tawa ma haka. In kun kai maganar nan waje, kun san abin da za a yi wa tsohuwa a rana, kuma ba zai dawo da yaro ko ɗaya ba."

Ta zauna ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, na ƙyale ta ta yi. Na fita daga gidan ban san ko na ceci Inna ko na miƙa ta ba. Amma 'ya'yansu ne, ba ni da ikon ɓoye musu.

Ba a daɗe ba delege, wato shugaban komiten unguwa, ya aiko a kira ni. Na san shi tun yana ɗinki a bakin kasuwar Dantokpa, yanzu ya samu tebur da tuta, kowa ya zama kamarad. Rahoton na gabansa, ya ja layi a ƙarƙashin wasu wurare.

"Kamarad, aiki ya yi kyau," ya ce. "Saura suna. Mai ba ya shafa kansa. Wa ke shafawa?"

"Al'ada ce, Delege. Ta girme ni, ta girme ka."

"Jama'a suna so su ga abokin gabarsu da ido."

"In abokin gaba kake nema, yana can kara a bayan shanu. Ka aika a kamo shi."

Wani daga cikin mutanensa ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Delege bai yi dariya ba. Ya ce mai ɓoye maƙiyan jama'a shi ma maƙiyi ne, kuma takarda ɗaya daga gare shi ta isa ta raba ni da aikina. Na tsorata, ba zan yi ƙarya ba, don ƙannena da albashina suke karatu. Amma na ce masa matan nan da amana suka yi mini magana, in na sayar da su yau, gobe ko zazzaɓi ba mai faɗa wa asibiti. Na ce in yana son abin shela, ga shi: a daina sa komai a cibi, duk mai mace mai ciki a gida ya tanadi sabuwar reza, mata masu ciki su zo allura. Na rubuta masa da kalmomi masu sauƙi yadda mai shela zai iya faɗa, da yadda limamai za su tunatar da maza, tunda su ke sayen rezar.

Shelar dai an yi ta, da sunan komite, ni ko a jikina. Delege ya aika mutanensa gida-gida neman suna, matan Zongo suka zama kurame, har da wadda ta yi kuka. Ni kuma takardata ta zo: an mayar da ni wani ɗan asibiti a Ladji, bakin ruwa, inda da damina sai ka tattare zane kafin ka shiga ɗakin allura.

Ranar da zan kwashe kayana, da safe, na ji sallamar Inna a tsakar gidanmu. Tun ranar shinkafa ba mu haɗu ba. Ta rame. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin ƙofa, ta kwance gefen zanenta ta fito da kwalbar man ta ajiye tsakaninmu.

"An ce saboda ni aka kore ki," ta ce.

"Ba kora ba ce, Inna, canji ne. A can ma ana haihuwa."

Ta juya murfin kwalbar da yatsa. Sannan ta ɗago.

"Abu guda na zo tambaya, kuma ban son maganar likita. Jikana, ɗan autata. Shi ma man nan ne?"

Na san amsar da za ta sa ta yi barci. Kalma ɗaya ce, kuma babu wanda zai taɓa kama ni da ita. Amma na ƙi yi wa likita ƙari, na ƙi yi wa delege ragi, ba zan zo kan wadda ta goya ni in yi mata ƙarya ba.

"Binciken ba ya iya nuna yaro guda ya ce ga abin da ya same shi," na ce. "Ba zan rantse miki ba. Amma ba zan iya ce miki a'a ba, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Shi na fi cika wa," ta ce. "Don nawa ne."

Na matsa na riƙe hannunta, muka daɗe a haka. Daga baya ta ja hannun, ta tura mini kwalbar da ƙafa, ta gyara ɗaurin zane ta miƙe.

"Matar mahaucin layinmu ta fara naƙuda tun asuba," ta ce. "Kayanki su jira. Taso ki tsaya a kaina ki ga ko na iya wanke hannun."