Motar da ta fito da Hajiya zaure

'Yan uwa, yau na ga abin da ban zata ba. Har safiyar nan na ɗauka son gudu ne kawai ya sa na sayi tsohuwar motar nan 'yar Kwatano, har ina jin kunyar kaina, da shekaruna hamsin.

Bayan azahar na gama sauya mata fulogi da salansa a ƙofar gida. Na tayar, ta ɗauka. Kafin in kashe sai na taka totur sau biyu, yadda marigayi yayana Habu yake yi da motarsa irin wannan idan ya ɗauko kifi daga garin Guri. Wallahi ban yi da niyya ba.

Sai ga mahaifiyarmu a zaure tana dafa bango. Matar da ba ta leƙa waje ba tun rasuwarsa!

Ta ce, "Habu, ruwa bai cinye hanya ba?"

Na ce, "Hajiya, ni ne, Musa."

Ta ce, "Na sani, ai ban ruɗe ba. Sake yi dai."

Na sake takawa.

Yanzu haka tana zaune a kujerar gaba. Ta ce in kai ta bakin kogi, inda Habu yake ɗauko kifin.