Jirgin Ruwan Kafilina a Sulay

A shekarata ta uku ina tuƙa wani dattijo Balarabe a unguwar Nasiriya, wanda shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasarsu, ya sayo ƙaramin jirgin ruwa na faiba, mai zane da iska ke turawa. Duk ƙarshen mako sai in ɗaura shi a tirela, mu yi awa huɗu kafin mu ga teku. Gab da shigowar sanyi ya hau dutse da shi, cikin jirgin ya tsage kamar tsawon taƙi guda.

"Ka gyara kafin Juma'a," in ji shi. "Ku ai ƙasarku duk koguna ce."

"Baba, ni ko kwalekwale ban taɓa shiga ba."

"Ma fi mushkila," ya ce, wato ba matsala, ya shige gida.

Na ja jirgin zuwa unguwar Sulay, wurin wani Badamagare da ke liƙe tankunan ruwa. Ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa.

"Ɗan'uwa, wannan ai tanki ne da aka manta ba a yi masa murfi ba."

Muka goge tsagar da samfefa, ya shimfiɗa ƙyallen faiba hawa uku yana shafe shi da gam mai wari. Kwana biyu ina susa har cikin salla saboda ƙaiƙayin faiba.

Da ya bushe na tambaye shi yadda za mu gane ko yana yoyo, tunda ba inda za mu saka shi. Ya ce idan ba a iya kai jirgi cikin ruwa ba, sai a kai ruwa cikin jirgi. Ya kira tankar ruwa aka cika shi fal.

Ana haka Baba ya iso. Ya duba ƙasa, ba ɗigo. Sai ya ce gwajin bai cika ba sai da nauyin mutum, ya miƙo mini rigar ceto mai ruwan lemo. Na saka, na hau, na zauna ruwa har ƙirji, tsakanin rumbunan kaya. Lebura suka taru suna ɗauka a waya. Wani Bamaraɗe ya ɗaga murya ya ce in gaida mutanen Jidda.

Sai muka ji fam! Tayar tirela ta hagu ta fashe. Jirgin ya karkace, ya juye ni ƙasa da ruwan gaba ɗaya, igiyar ruwan ta wuce ta jiƙa wa Baba jallabiya har gwiwa. Bai ko kalle ni ba. Ya durƙusa ya shafa facin, ya ce, "Miya miya," wato ɗari bisa ɗari.

Ranar Juma'a muka isa teku da sabuwar taya. Baba ya sauke gilashi, iska mai sanyi ta bugo shi, ya mayar ya rufe. Muka sha shayi a cikin mota, muka ci dabino, ya ce in juya. A hanya ya tambaye ni ko a garinmu akwai masu son sayen jirgi.