Gicciye a Wuyan Hannu

Juma'a kaɗai ake ba mu hutu a wajen aiki, don haka Lahadina a Alƙahira ta koma Juma'a. Satin farko na nufi wani coci a unguwar Ainu Shams, na gaida mai gadi kamar kowane Bahaushe mai tarbiyya: “Salamu alaikum.” Sai ya kama hannuna ya juya. Ashe Kiristocin Masar suna da zanen ɗan gicciye a wuyan hannu, nawa kuwa fayau. Shekara ashirin ina cikin mawaƙan cocinmu a gida, amma fatar hannuna ta ƙi ba da shaida.

“Ma'alish,” in ji shi, wato “yi haƙuri,” ya tare ƙofa.

Kafin wata tsohuwa 'yar Sudan ta tsaya mini, an gama wa'azi. Amin ɗin ƙarshe kawai na samu, na kuwa faɗe shi da ƙarfi don mai gadin ya ji.