Durwa da Miyar Suna

Jama'a, yau awaki sun cinye mini salati a gaban karena Durwa, yana kallo! Wallahi raina a ɓace yake.

Na iso garka bakin tabki, na tarar da Durwa kwance yana amai, ko haushi ya kasa. Taubashina Sani na bar wa shi da zan tafi Maraɗi, har da gero da busasshen kifin abincinsa.

Na ce wa Sani, "Me ka ba shi?"

Ya ce, "Ragowar miyar suna, mai albasa. Ta ɗan yi tsami, amma kare ai ba ya zaɓe."

Likitan dabbobi da na kira ya ce albasa lalata jinin kare take yi.

Na ce wa Sani, "To ina kifin?"

Wai ya fi ƙarfin kare, shi ya cinye.