Na Je Kaduna Gyaran Maus Ɗin Yaya

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da wani abokina mai mota da yake da tasa sabgar a Kaduna. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, titi duk caɓi. A jakata akwai sabon maus na kwamfuta, da batura, da auduga. Da abokin nawa ya ji abin da zai kai ni, dariya ya yi har ya kusa faɗawa rami. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya tashi daga wani gari zuwa wani saboda abin da ake sayarwa a kowane lungu ba.

Ga yadda abin yake. Yayana da muke ciki ɗaya ma'aikacin gwamnati ne, taswirar filaye yake zanawa a kwamfuta, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tun bayan babbar sallah yake kira na, wai kibiyar nan da ke yawo a kan allo ta haukace. In ya nufi nan sai ta yi can, layin da ya ja sai ya fito a karkace. An fara dawo masa da aiki, har ana raɗe-raɗin za a ba wani teburinsa. Na yi bayani ta waya har na gaji. Daga ƙarshe matarsa ce ta kira ni, ta ce, "Don Allah ka zo da kanka."

Hanya da sauƙi a wasu wuraren, a wasu kuwa sai addu'a. Kafin mu kai Zariya mun wuce wata tirelar tumatir da ta kife, mutane sun yi cirko-cirko, an rufe wani da tabarma a gefen titi. A Zariya muka tsaya shan shayi. Burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba, mai shayin kuma yana zuba madara kamar mai ɗiga maganin ido.

Da hantsi muka shiga Kawo, cikin cunkoson ’yan adaidaita da masu tallar masara. Abokina ya ratsa ta Rafin Guza don ya sauke saƙo. Ruwan daren ya shiga gidaje, ko'ina katifu da kayan sawa a shanye kan katanga, wata tsohuwa tana kwashe laka daga ɗakinta da kwano. Daga nan ya ajiye ni a gidan Yaya a Unguwar Sarki ya wuce.

Yaya ya rame. Na ɗauka azumin nafila ne, don ya saba. Ko wainar da matarsa, Anti, ta kawo bai bari na gama ci ba, ya ja ni gaban kwamfuta.

"Auta, zo ka ga shegen abin nan. Har unguwar Kinkinau na kai kwamfutar wajen mai gyara, ya wanke ta tas, wai cuta ce ta shiga. Muna dawowa gida ta ci gaba."

Na fara daga inda ake farawa. Teburinsa mai gilashi ne, shi kuma maus ba ya jituwa da abu mai ƙyalli, sai na shimfiɗa masa kwali. Na juya shi na goge ɗan idon nan mai jan haske da ke ƙarƙashinsa, na ciro zare da ƙura. Na sa sabon batir. Na zare ɗan abin da ake sokawa a jikin kwamfutar na mayar da shi wata kafa. Na kashe filin nan na laftof da ake shafawa da yatsa, don sau da yawa gefen hannu ne ke taɓa shi kibiya ta yi tsalle. Na sake kunna kwamfutar, na ja layi. Ya fito sambal.

"Ga shi nan, Yaya. Gwada."

Ya zauna ya kama. Kibiya ta fara rawa.

Na ciro sabon da na zo da shi, mai waya, na haɗa. A hannuna lafiya lau. A hannunsa rawa. Duk tsawon lokacin nan allo nake kallo, kamar yadda mai gyaran Kinkinau ya yi. Sai a wannan karon na sauke idona ƙasa. Hannunsa na dama karkarwa yake yi, a hankali, ba tsayawa, babban yatsa yana gogar manuni kamar mai jan carbi. Yana ganin inda nake kallo ya janye hannun ya cusa a aljihun riga.

Anti tana tsaye bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Gajiya ce kawai."

"Ba gajiya ba ce," in ji Anti. "Cokali ma ba ya zama a hannunsa. Ya daina cin abinci a gaban mutane. Na yi maganar asibiti har na gaji, sai ya ce maus ne."

Yaya bai yi mata faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya daɗe yana kallon taswirar da ke kan allo, sannan ya ce, "Auta, hannun nan shi ne aikina. In suka sani a ofis, me zan ce wa yaran nan? Ko sakandare babbarsu ba ta gama ba."

Na yi abin da na iya. Na shiga saiti na rage gudun kibiyar sosai, yadda ƙaramin motsi ba zai kai ta nesa ba, na ƙara mata girma. Na nuna masa yadda zai matsar da ita da maɓallan rubutu, na naɗe tawul na sa masa a ƙarƙashin wuyan hannu. Ya ja layi. Bai miƙe kamar na dā ba, amma layi ne. Ya ce Alhamdulillahi.

Washegari muka je asibiti, bayan na ce ba zan koma Kano ba sai ya je. Mun yini a kan benci. Likita ta sa shi ya miƙa hannuwa, ya yi tafiya, ya rubuta sunansa. Rubutun nan da ake kawo masa katin biki ya rubuta saboda kyansa ya koma ƙanana, a cukurkuɗe. Ta ce tana zargin ciwon jijiya ne mai sa karkarwa, sai an yi gwaje-gwaje. In shi ne, akwai maganin da ke lafar da shi, amma ba ya warkewa. Yaya ya tambaye ta ko zai kai lokacin ritayarsa yana aiki. Ta ce ba za ta yi masa alkawari ba.

Da gari ya sake wayewa na dawo a motar haya, a matse tsakanin wani mai buhun citta da ƙofar da ba ta rufuwa sosai. Ruwa ya raka mu tun daga Jaji. Na iso gida bayan la'asar, iyalina suka tambaye ni ko an gyara, na ce musu an gano matsalar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗi. Babba yakan kira ka da ƙaramar magana saboda babbar ta fi ƙarfin bakinsa, ni kuwa na yi watanni ina amsa ƙaramar. In wani naku ya dame ku da ƙorafi ɗaya da ya ƙi ƙarewa, ku daina bayani ta waya, ku je ku zauna kusa da shi. Yaya zai koma asibiti karɓar sakamako, kuma har yanzu bai faɗa wa kowa a ofis ba. Ku sa shi a addu'a.