Sunan Baba a Jerin Masu Karatu

Wata bakwai bayan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, na ga sunansa a jerin masu karatu da ake mannawa a ƙofar cocinmu: Lahadi mai zuwa, sujadar Hausa, karatu na farko. Fiye da shekara talatin yana wannan hidima, tun yana koyarwa a firamare a Tudun Jukun, amma tun da ya kwanta ba a sake sa shi ba. Ƙafar ta dawo, da taimakon sanda. Bakin ne ya ƙi. Gajeriyar kalma tana fita, doguwa kuwa sai ta karye a tsakiya, yawu ya biyo baya.

Na tarar da shi a gida, a Tudun Wada, yana zaune a tsakar gida.

"Baba, wa ya sa sunanka?"

"Ni na aika wa Rabaran," ya ce, a hankali. "Ko da laifi, Uwata?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ban ce da laifi ba. Amma makon nan ban iya zama wuri ɗaya ba. Aikina karanta labarai ne a rediyo, kuma abin da aka koya mana shi ne mai sauraro ba ya jira. Ina cikin keke mai ƙafa uku, ina ofis, abu guda nake gani: Baba a gaban jama'a, baki a karkace, yara suna ƙunshe dariya, manya suna kallon ƙasa. Idan ya tsaya ya kasa, na san ba zai sake fita ba, ko zuwa ƙofar gida.

Ranar Talata na yi abin da na iya. Na ɗauki ayoyin da aka ba shi, goma sha biyu daga littafin wani annabi, na buga su da manyan haruffa. Na raba dogayen jimloli, na ja layi inda zai numfasa. Kalmomi biyar masu wuya na cire, na sa 'yan'uwansu masu sauƙi. Haka muke yi wa kowane labari kafin ya shiga iska, kuma ko kaɗan ban ji na yi wani abu ba.

Da la'asar na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsan hagu. Can ya ɗago, ya kira mahaifiyata.

"Zo ki gani. 'Yarki ta gyara wa annabi Hausarsa."

"Baba, sauƙi na nema maka."

"Ke da gidan rediyonku. Shi ma edita kika ba shi?"

Mama ta yi dariya har ta ajiye faifan da take tsince shinkafa. Ni ban yi ba. Ya ninke takardar ya mayar mini, ya jawo tsohon Littafinsa Mai Tsarki.

"Wanda ya ba ni bakin nan ya san yadda ya koma," ya ce. Jimlar ta ɗauke shi lokaci. "Da shi zan karanta masa."

Ranar Alhamis na je wajen Rabaran ba da sanin Baba ba, na roƙe shi ya sa wani. Ya saurare ni har na gama.

"In Malam ya ce in cire shi, zan cire shi. Shi ya aiko ki?"

Na fito ina jin kunya da haushi. Na taka har unguwar Kongo kafin na lura na wuce hanyar gida.

Ranar Lahadi ya tashi da sandarsa, ya rusuna a gaban bagade gwargwadon yadda jikin ya yarda, ya isa wurin karatu. Ayoyi huɗu na farko suka fita, a karkace, amma sun fita. A ta biyar ya zo kan ɗaya daga cikin kalmomin da na cire. Ya fara, ta karye. Ya sake, ta karye. Sai ya yi shiru.

Na ƙirga, don ba na iya hana kaina. Daƙiƙa goma. Ashirin. A wurin aikina da tuni an sa kiɗa. Fanka tana juyawa, wani acaɓa ya wuce a waje. Na yunƙura zan tashi in karɓa masa, Mama ta riƙe mini zani.

"Zauna," ta ce. "Addu'a yake."

Na duba. Idonsa a rufe, leɓensa yana motsi, hannun hagu a kan shafin. Babu wanda ya yi tari. Rabaran bai ko ɗago kai ba. Baba ya buɗe ido, ya goge baki da hankici, ya tsinka kalmar gaɓa-gaɓa, kamar yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya, ya wuce. Sau biyu ya ƙara tsayawa kafin ya kai ƙarshe. Jama'a suka amsa da godiya ga Allah.

Bayan an tashi, Rabaran ya same mu a bakin ƙofa muna jiran keke. Bai dube ni ba, na kuma gode masa a raina.

"Malam, wata mai zuwa fa? Karatun ya fi wannan tsawo."

Na dubi Baba. Rigarsa ta jiƙe da gumi, ya dogara da sandarsa.

"Aya nawa?"

"Ashirin da ɗaya."

Baba ya ɗan yi tunani.

"Sa ni," ya ce.