Haruna da Ganyayen Kakangi, Bayan Shekara Bakwai

Bana shekara bakwai ke nan da 'yan bindiga suka harbe ƙanena Haruna a hanyar Kakangi. Ba fatauci ya kai shi ba. Ganye ya je ɗebowa a bakin daji.

A lokacin yana karatun digiri na biyu a Zariya. Aikinsa shi ne ya ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo har su yi ƙiba, sugansu ya hau, sannan ya ba su ruwan ganyen da ya tace, ya ga ko zai sauka. Mun sha yi masa dariya a gida. Amma mun san dalili: Innarmu ce. Jiki ya yi mata nauyi, ciwon suga ya kama ta, ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa sai ta huta. Yakan ce mata ƙiba tana sa jiki tsatsa kamar ƙarfe, wasu ganyaye kuma, irin su shuwaka da zogale, suna rage tsatsar.

"To ka ba ni in sha mana," in ji Inna.

"Ki yi haƙuri, Inna. Ban gano adadin da zai yi magani ba tare da ya taɓa ƙoda ba. Kada ki bar ƙwayar asibiti."

Bai gano ba. Bayansa Inna ta bar ƙwayar, ta koma wa jiƙe-jiƙe, ƙafa ta ruɓe, ta bi shi.

Yau ni ce na gaji jikinta da ciwonta. Ranar kasuwa a Birnin Gwari, motoci masu lasifika suna tallar kwalaben da wai za su narkar da tumbi, su kashe suga cikin mako. Mata irina suna layi. Ban ga laifinsu ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Da Haruna yana nan, me zai ce? Dajin da ya sani ya fi ƙarfin manomi ma, balle ɗalibi. Na gaji da tunanin.

Bai bar magani ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bar mini hali ne mai sa a tsane ni. Nakan tsaya gaban mai kwalba in tambaye shi: "Malam, a kan wa kuka gwada?" Har yau ba wanda ya amsa. Sai dai ran nan wata mata da ke bayana ta ji, ta juya ta bar layin.